Rancen gwamnati ko hannun jari: ina ɗan Zangon da ke ƙetare zai sa kuɗinsa?

Duk gidan da ke da ɗa a Jamus ko Italiya ko Amurka, a Aboabo yake ko Asawase ko Sawaba a nan Kumasi, ya san yadda zancen ke tafiya. Shekarun farko kuɗin cefane ne da na makaranta. Daga baya a sayi fili a fara buga bulo. In Allah ya buɗa, wata rana waya ta zo da tambaya daban: "Yaya, ina da 'yan kuɗi da ba na so su shiga siminti, kuma ba zan sake ba wani ya juya mini ba. Ina zan sa su a gida?" In aka cire fili da mota da shago, manyan ƙofofin da hukuma ta sani guda biyu ne. Ko ka ranta wa gwamnati ta hanyar sayen takardunta, ko ka sayi hannun jari a kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Ghana, wadda ofishinta ke Cedi House a Akra.

Ɗan'uwanmu boga, wato ɗan gida da ke zaune a ƙetare, ba shi kaɗai ba ne a wannan layi. A gabansa akwai manyan kamfanonin Landan da New York masu juya kuɗin fanshon Turawa, kuma su ne gwamnatocinmu suka daɗe suna zawarci. Irin wannan jari ba ya gina masana'anta, ba ya ɗaukar ma'aikata. Takarda yake saye, ya ci riba, ya sayar ya tafi. Kamar bafataken da ya sauka a zango bai kwance kayansa ba yake: in kasuwa ta yi daɗi ya ƙara kwana, in ya ji ƙishin-ƙishin kafin asuba ya ɗaura wa jaki. Wanda zai sa kuɗinsa a inda waɗannan suke, dole ya san halinsu, domin shigarsu da fitarsu ita ke ɗaga sidi, kuɗin Ghana, ita ke kayar da shi.

Dokar canjin kuɗin waje ta 2006 ce ta buɗe musu ƙofar sayen takardun gwamnati na sidi, amma masu dogon wa'adi kawai. A 2007 Ghana ta fita kasuwar duniya karon farko ta ranto dala miliyan 750, a shekarar da aka yanke wa sidi sifili huɗu har sabon sidi ya ɗan fi dala daraja. Daga nan abin ya zama al'ada. A watan Afrilun 2017 gwamnati ta sayar da takardun sidi da suka kai kimanin dala biliyan 2.25 a tashi ɗaya, kuma kamfani guda na Amurka, Franklin Templeton, ya kwashe mafi yawansu. A wannan zamanin fiye da kashi ɗaya cikin uku na bashin cikin gida yana hannun baƙi. Dala ta wadata, sidi ya zauna, kowa ya ce an iya mulki.

Sai 2022 ta zo. Babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa tun daga Maris, daga kusan sifili har ya haura kashi 5 a shekarar da ta biyo. Wanda zai samu wannan a gidansa cikin kwanciyar hankali, me zai tsaya yi a Akra? Kamfanonin auna ƙarfin biyan bashi, Fitch da Moody's, sun riga sun rage wa Ghana maki tun farkon shekarar, kasuwar duniya ta rufe mana ƙofa. Baƙi suka riƙa sayar da takardu suna neman dala su fita. Dalar da aka shiga shekara da ita a kan sidi 6 da 'yan kai ta haura 14 a hannun 'yan canji cikin Nuwamba. Wanda ya bi ta shagunan Alabar ko Adum a Kumasi a kwanakin nan ba zai manta ba: mai shago yana riƙe da waya a kunne, mai saye yana tsaye da kuɗi a hannu, ba za a faɗi farashin kwalin batir ba sai an ji nawa dala ta kwana, kuma farashin safe ba shi ne na la'asar ba. A Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari.

To, mu fara da ƙofar rance, domin ita mutane suka fi sani kuma ita suka fi yarda da ita.

Takardun gwamnati iri biyu ne, kuma wanda ya haɗa su wuri ɗaya ya yi babban kuskure. Akwai gajeru, waɗanda ake kira tirezari, na kwana 91 da 182 da 364. Ana gwanjonsu duk mako, ana sayensu ta banki, har ta momo, wato asusun kuɗi na waya, ma ana samu. Akwai kuma dogaye, na shekara biyu zuwa sama, masu biyan ruwa duk wata shida. Kafin 2022 ma'aikatan banki kan ce wa mutane duka biyun ba su da haɗari, wai gwamnati ba ta cin bashin da ta ranta da kuɗin da ita ke bugawa. A ƙarshen Oktoban wannan shekarar shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, ya fito ya ce kuɗi ba ya son hayaniya, kuma ba wanda za a yi wa aski, wato a zaftare masa kuɗin da ya ranta wa gwamnati. Ran 5 ga Disamba ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya sanar da shirin musanya bashin cikin gida. Tayin farko shi ne a karɓe tsofaffin takardu a ba da sababbi da za a biya tsakanin 2027 da 2037, ba ruwa ko kwabo a 2023, kashi 5 a 2024, kashi 10 daga nan. Masu riƙe da takarda mai biyan kusan kashi 20 ke nan ake gaya wa haka. Ƙungiyoyin ƙwadago suka yi barazanar yajin aiki har aka tsame kuɗin fansho daga zagayen farko. Tsofaffi 'yan fansho da suka sayi takardun da kuɗin kansu suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi, har tsohuwar babbar mai shari'a ta ƙasa Sophia Akuffo ta ɗauki kwali ta zauna cikinsu. An sassauta wa ɗaiɗaikun mutane daga baya, amma an riga an ga abin da gwamnati ke iya yi in ta shiga matsi.

Masu takardun dala ma ba su tsira ba. Ran 19 ga Disamba 2022 Ghana ta dakatar da biyansu. Asusun ba da lamuni na duniya ya amince da tallafin dala biliyan 3 a Mayun 2023, kuma sai a Oktoban 2024 aka kammala sulhu a kan takardun dala na kimanin biliyan 13, inda yawancin masu su suka haƙura da kashi 37 na uwar kuɗinsu.

Tirezari kuwa ba a taɓa shi ba. Ba don tausayi ba ne. Da shi gwamnati ke biyan albashi mako zuwa mako, kuma da ta taɓa shi da ba ta da inda za ta sake ranto ko sisi. Wannan ne ƙarfin gajeriyar takarda: mai bin ka bashin da kake buƙatar komawa wurinsa ran Juma'a mai zuwa, shi ne na ƙarshe da za ka ɓata wa. Kuma wa'adinta gajere ne, in ka ga hadari ya haɗo, wata uku kawai za ka jira ka karɓi abinka. Ɗan ƙasa mai katin Ghana da asusun banki a gida yana da wannan dama, wadda baƙon da ba mazauni ba bai samu ba.

Amma ga inda boga ke faɗawa rami. Shi da dala ko yuro yake auna arzikinsa, takardar kuwa da sidi take biya. A ɗauka ya turo dala 1,000 a Janairun 2022, aka canza masa kusan sidi 6,000. Ko da a ce ya ci kashi 25 a shekarar, ya tashi da 7,500. Dala ta sauko wajen sidi 10 a ƙarshen shekara bayan tashin Nuwamba, wato in ya mayar, dala 750 zai gani. A takarda ya ci riba, a aljihu ya yi asarar rubu'i. A juya lissafin kuma: wanda ya canza dala 1,000 a farkon 2025 a kan kusan sidi 15, zuwa Yuni da dala ta faɗo kusa da sidi 10, kuɗinsa sun doshi dala 1,450 tun kafin a ƙirga ruwa. Zinariya ta yi tsada a duniya, dala ta shigo babban banki, sidi ya miƙe. Ruwan tirezari kuma, da ya kai kusan kashi 35 a ƙarshen 2022, ya faɗo wajen kashi 10 a cikin 2025. Saboda haka lambar da banki ke nuna maka ba ita ce labarin ba. In ka ga gwamnati tana ba da kashi 30, ba kyauta take yi ba, kasuwa ce ke gaya maka yawan tsoron da take ji.

Ƙofa ta biyu daban take tun daga tushe. Mai hannun jari ba mai bin bashi ba ne, abokin tarayya ne. Ba wanda ya yi masa alkawarin komai. In kamfani ya ci riba ya raba, ya samu rabonsa bayan an cire harajin kashi 8. In farashin hannun ya tashi ya sayar da riba, in ya faɗi ya ɗauki asara.

Kasuwar ta fara ciniki a Nuwamban 1990, kuma har yau ƙarama ce, kamfanoni talatin da 'yan kai. Bankuna sun fi yawa: GCB, Ecobank, Standard Chartered, CalBank da sauransu. Sai na mai irin GOIL da TotalEnergies, na kayan masarufi irin Unilever da Fan Milk, na manja irin Benso, sannan MTN, wanda shi kaɗai yake ɗauke da mafi yawan cinikin da ake yi. Ma'aunin kasuwar ya faɗi a 2022, ya tashi da kimanin kashi 28 a 2023, da kashi 56 a 2024. Lambobin nan suna ɗaukar ido, amma a tsaya a kan MTN a gani, don shi ne hannun da talakawa da yawa suka fara saya a rayuwarsu. A 2018 aka sayar da shi kan pesewa 75, wato kashi uku cikin huɗu na sidi ɗaya, har ta momo aka saya. A lokacin dala tana kusa da sidi 4.8, wato hannu ɗaya kamar santi 16 na dala. Ya yi shekaru yana jan ƙafa, har ya taɓa sauka ƙasa da farashin da aka saye shi. A ƙarshen 2024 ya kai sidi 2.50, ninki uku da ɗoriya. Amma dala a lokacin ta kusa sidi 15, wato santi 17. Mai zaune a Kumasi ya ga kuɗinsa sun ninka uku, mai zaune a Hambug ya ga suna nan inda ya bar su, sai dai ribar da aka riƙa raba masa duk shekara, wadda ba kaɗan ba ce.

Wani zai ce to ina amfanin? Amfanin shi ne ba su narke ba. A cikin shekarun nan shida sidi ya rasa kusan kashi biyu cikin uku na darajarsa, wanda ya ɓoye takardun kuɗi a ƙarƙashin katifa ya ga haka da idonsa. Kamfanin da ke sayar da abin da mutane ba za su iya bari ba yana ƙara farashi in kaya sun yi tsada, sai ribarsa ta bi hauhawar farashi a baya, ko da a makare. Takardar rance ba ta da wannan. Abin da aka rubuta a kanta shi ke nan.

Sai dai ba kowane kamfani ne MTN ba. Fan Milk kowa ya san shi, yaranmu nawa ne suka tura kekensa suna busa ƙaho a rana daga Kejetia zuwa Bantama. Hannunsa ya haura sidi 17 a ƙarshen 2017, zuwa ƙarshen 2020 ya dawo kusan sidi 1. Kamfanin bai rufe ba, ana ta shan kayansa, amma tsadar madarar da yake shigowa da ita da gasa suka cinye ribar. Sanin kayan kamfani ba sanin littafinsa ba ne. Bankuna kuma, da ake ganin su ne masu kuɗi, su suka fi kowa riƙe takardun gwamnati, don haka askin da aka yi ya sauka a kansu. Da yawansu sun bayyana asara a 2022, babban banki ya hana su raba riba na wani lokaci. Wato wanda ya guji ranta wa gwamnati ya sayi hannun banki, ta bayan gida ya ranta mata.

Babbar matsalar kasuwar ita ce ƙofar fita. Shiga ba wuya. Ka je wurin dillali mai lasisi, a buɗe maka asusu a ma'ajiyar takardu ta ƙasa, ka ba da umarni. Fita ce aiki. Akwai hannayen da kan yi kwanaki ba a yi cinikin ko ɗaya ba. In ka matsu, ko dai ka karya farashi ko ka jira, ga la'adar dillali a shiga da fita. Wannan ne ma ya sa manyan baƙi suka fi son takardun rance a kan hannun jarinmu, domin mai dala miliyan 50 ba zai iya fita daga ƙaramin kamfani ba tare da ya rushe farashin da kansa ba. Ga ƙaramin mai saye wannan yana da ɗan alheri: guguwar ficewarsu ta fi kaɗawa a kasuwar rance da ta canji. Amma in mahaifiya ta kwanta asibiti ana neman kuɗi gobe, hannun jari ba zai fitar da kai kunya ba.

Akwai kuma maganar da a Zango ita ce ta farko, ko da na kawo ta a nan. Takardar gwamnati, gajeriya ko doguwa, rance ce da ƙari da aka yanka tun farko, kuma mafi yawan malamanmu riba suke kiranta. Ga wanda ya tsaya a kan wannan, an gama kwatanci tun kafin a fara. Najeriya ta samar wa mutanenta mafita tun 2017 da takardun sukuk na naira biliyan 100 da aka gina hanyoyi da su, inda mai saye yake da rabo a kadara yana karɓar haya. Ina ganin gwamnatin da ke neman jarin waje da gaske ya kamata ta duba wannan, domin kuɗin ƙasashen Larabawa da na 'yan Zango na ƙetare ba sa gudu da sauri kamar na New York. Hannun jari kuwa asalinsa halas ne a wurin malamai da yawa, da sharaɗin sana'ar kamfanin ta zama halas. Nan take kamfanin giya ya fita, bankuna masu ruwa da kamfanonin inshora na gargajiya suka fita. Sauran ma ana duba yawan bashin ruwa da ke kansu, kuma in akwai ɗan abin da ya shigo ta ruwa, a ƙiyasta a fitar sadaka. In ka tace haka, abin da ya rage a kasuwar Akra bai cika yatsun hannu biyu ba. Akwai kuma NewGold, takardar da ake cinikinta a kasuwar tana bin farashin zinariyar da aka ajiye a madadinta, wadda ke kare mutum daga faɗuwar sidi amma ba ta raba riba, kuma in sidi ya miƙe kamar a 2025 sai ta ja baya. Zakka tana nan a kan duk wannan in ya kai nisabi shekara ta zagayo. Yadda za a lissafa ta, a zauna da malamin da ya san harkar kasuwa.

Ni dai ga inda na tsaya. Kuɗin da za a kashe a Ghana nan da wata shida ko shekara, na rufin gini ko na biki ko na makarantar yara, ba su da abin yi a hannun jari. Wanda addininsa ya bar shi, gajeriyar takarda ta fi masa. Wanda bai yarda da ita ba, ya bar su a can inda yake ya riƙa turowa daidai buƙata. Doguwar takardar gwamnati kuwa ba zan ba mai cin gumin sanyi shawarar ta ba. Haɗarin sidi da haɗarin aski sun haɗu a kanta, ga wa'adi mai tsawo, ribarta kuma tana da rufi. Manyan kamfanoni suna iya ɗaukar wannan don Ghana ɗigo ce a cikin jakarsu, in sun yi asara a nan su ci a Indonesiya. Mai wanke kwanuka a Milan ba shi da Indonesiya. Kuɗin da mutum zai iya mantawa da su shekara biyar zuwa goma, musamman wanda ke da niyyar dawowa gida ya ci su da sidi, hannun jari ya fi dacewa da su, a raba su kan kamfani uku ko huɗu, a saya kaɗan-kaɗan cikin watanni maimakon a zuba a rana ɗaya, don canjin dala da farashin hannu su daidaita.

Duk wadda aka zaɓa, a tabbata dillali ko kamfanin da zai juya kuɗin yana cikin jerin masu lasisi na hukumar kula da kasuwar jari. Menzgold, kamfanin da ke karɓar kuɗin mutane da sunan cinikin zinariya, da aka rufe a 2018, yana da ofisoshi masu ƙyalli da taurari masu tallata shi. A Nuwamban 2019 kuma hukumar ta soke lasisin kamfanonin juya kuɗi 53 a rana ɗaya, wato lasisin ma ba ya hana a duba wane ne ke riƙe da kuɗin da inda yake zuba su. Wanda ya ce zai ba ka kashi 7 ko 10 duk wata, gode masa ka wuce.

Sannan asusun ya kasance da sunan mai kuɗin, da katinsa, da lambar wayar da shi ke riƙe da ita. Na ga gidan da ƙane ya yi shekaru yana turo kuɗi, wansa ya sayi takardu da sunan kansa don sauƙi, ba da mugun nufi ba. Wan ya rasu, takardun suka shiga cikin gado, aka raba wa 'ya'yansa bisa abin da ke rubuce. Ƙanen ya dawo da rasidin tura kuɗi cike da jaka, amma a wurin banki mai suna shi ne mai kaya. In dole sai wani ya wakilce ka a gida, a rubuta takardar wakilci a gaban lauya, a sa shaidu biyu, ka kuma nemi dillali ya riƙa turo maka bayanin asusu kai tsaye duk wata uku.